Yadda Za Ka Isa Bakin Tekun Charmouth da Lyme Regis Neman Burbushin Halittun Dā

A kudancin Ingila akwai wata gaɓar teku mai tsawon mil 95, wadda ta taso daga Exmouth a gundumar Devon ta dire a Studland a gundumar Dorset. Gaɓar Jurassic ake ce mata, kuma UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, saboda duwatsunta na ɗauke da tarihin ƙasa na shekara miliyan 185. Sabon shiga ba ya buƙatar duk wannan tsawon. Mil biyu zuwa uku da ke tsakanin garin Lyme Regis da ƙauyen Charmouth, da ɗan abin da ya wuce Charmouth ta gabas, sun ishe shi, domin a nan ne doka ta yarda ka tsinci burbushin halittun dā da ya faɗo ka tafi da shi gida, a nan ne kuma abin ya fi yawa.

Dalilin yawan shi ne dalilin haɗarin. Tsaunukan da suka tsaya a kan bakin tekun ba dutse ne mai ƙarfi ba, busasshiyar laka ce da ta kwanta a ƙasan wani tsohon teku kimanin shekara miliyan 200 zuwa 190 da suka wuce. Ruwan sama yana shiga ta sama ya jiƙa ta, ta zame, ta zubo ƙasa, igiyar ruwa ta wanke lakar ta bar abin da ya daskare a ciki a kan tsakuwa. Haka Mary Anning, shahararriyar mai neman burbushi, 'yar Lyme Regis da aka haifa a 1799, ta riƙa samun nata: ita da yayanta Joseph suka tono ƙwarangwal ɗin iktiyoso, wata dabbar teku ta dā mai siffar kifi, tsakanin 1811 da 1812, ta samo cikakken filesiyoso, wata dabbar tekun mai dogon wuya, a 1823. A 1833 kuma ƙasa ta zaftaro ta binne karenta a gabanta, ita ma da ƙyar ta sha. Wurin bai canza hali ba daga wancan lokaci zuwa yau.

Kafin tikitin jirgi, jadawalin teku

Yawancin mutane suna zaɓen rana, su sayi tikiti, sannan su duba ko teku zai ba su hanya. A baibai ke nan. Teku ne zai zaɓa maka rana da sa'a, kai naka bi.

Ruwan teku yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a cikin sa'a 24 da minti 50 ko kusa da haka. Wannan mintin hamsin ɗin shi ke sa lokacin janyewa ya riƙa matsawa gaba kullum. Idan yau ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa da ƙarfe ɗaya na rana, gobe sai wajen biyu saura. Saboda haka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka ya gani makon jiya. Ka nemi jadawalin Lyme Regis na ainihin ranar da za ka je. Yana nan a intanet, ana kuma liƙa shi a bakin tekun. Ka lura da abu guda da ke ruɗa mutane: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Birtaniya na tura agogonta gaba da sa'a ɗaya, kuma wasu jadawalolin da agogon GMT, wanda ba a tura shi gaba, aka buga su. Ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan jadawalin ka tabbatar da wane agogo ake magana. Kuskuren sa'a ɗaya a nan ba ƙaramin kuskure ba ne.

Janyewar ma ba duka ɗaya ba ce. Wanda ya saba bin kwanan wata ba zai sha wahala ba: kwana ɗaya zuwa biyu bayan haihuwar sabon wata, da kwana ɗaya zuwa biyu bayan ya cika, ruwa yana cikowa sosai ya kuma janye sosai. A Lyme bambancin tsakanin cikowa da janyewa a irin waɗannan ranaku yakan kai kusan mita 4, kuma janyewar takan faɗo wajen tsakar rana, abin da ya yi wa mai zuwa daga nesa daɗi. A ranakun da wata yake rabi kuwa, ruwan ba ya ja da baya da nisa, filin da zai buɗe maka kaɗan ne, sai ya matse ka zuwa gindin tsauni, inda ba a so ka kasance.

Ga yadda za ka tsara yinin. A ce jadawali ya nuna ƙarshen janyewa ƙarfe 1:00 na rana. Ka taka bakin teku wajen 10:30 ko 11:00, lokacin da ruwa ke kan ja da baya, ka riƙa bin sa yana buɗe maka sabon wuri. Da ƙarfe ɗaya ta yi, duk inda kake, ka juya. Ka yi sauran neman a hanyar dawowa. Zuwa 2:30 ya kamata a ce ka kusa da inda ka shigo. Ka sa ƙararrawa a waya, domin mai ido a ƙasa ba ya sanin tafiyar lokaci.

Me ya sa a juya da wuri haka alhali ruwa na can nesa? Saboda cikowar ba da gudu ɗaya take zuwa ba. Matuƙan jiragen ruwa suna da wani ƙiyasi da suke raba ruwan gida 12: a sa'ar farko kashi ɗaya ke shigowa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan biyu, sannan ɗaya. Wato rabin ruwan gaba ɗaya a sa'o'i biyun tsakiya yake shigowa. Sa'ar farko tana yaudara, ka duba ka ga kamar tekun bai motsa ba. Kuma ba ta gabanka yake kama ka ba. Ta bayanka yake zagayowa, ya rufe wani ƙunci da ka wuce ɗazu inda tsauni ya turo hanci cikin ruwa, kai kana tsaye a busasshen fili ba ka san an rufe maka ƙofa ba. Duk inda ka ga bakin tekun ya tsuke a hanyar tafiya, ka tsaya ka dube shi da kyau, shi ne zai fara nutsewa.

Sai iska. Idan tana kaɗawa da ƙarfi daga kudu maso yamma, tana tara ruwa a gaɓa, janyewar ba za ta kai yadda jadawali ya ce ba, cikowar kuma za ta riga lokacinta. Ranar guguwa ranar zama a ɗaki ce. Kwana ɗaya ko biyu bayan ta lafa, wannan ita ce ranar da masu abin ke jira. Shi ya sa daga Nuwamba zuwa Afrilu ya fi samuwa: teku na dukan gaɓa, masu yawon buɗe ido kuma sun ragu. A watannin Yuli da Agusta wurin cike yake, abin da ke sama-sama an tsince. Sai dai a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, ka saka wannan a lissafi.

Hanya

Babu tashar jirgin ƙasa a Lyme Regis ko Charmouth. Mafi kusa ita ce Axminster, a kan layin da ya taso daga tashar Waterloo ta Landan zuwa Exeter, tafiyar da ba ta cika sa'a uku ba. Daga Axminster zuwa Lyme mil biyar zuwa shida ne, akwai bas da ke tsayawa a bakin tashar, ta bi ta Lyme da Charmouth ta wuce Bridport. X51 da X53 ne lambobin da aka san hanyar da su, amma jadawalinsu na canzawa da yanayin shekara, a lokacin sanyi da ranar Lahadi suna raguwa ƙwarai. Bas ɗin dawowa ta ƙarshe ita za ka fara dubawa, ba ta tafiya ba.

Mai mota zai bi titin A35 ya ratse zuwa Charmouth. A tsakiyar ƙauyen akwai wani titi, Lower Sea Lane, wanda ya gangara kai tsaye har bakin ruwa, da wuraren ajiye mota na biya a ƙarshensa. Wanda bas ta sauke a babban titin ƙauyen ma shi zai bi da ƙafa, tafiyar minti goma zuwa sha biyar.

A ganina, zuwan farko Charmouth ya kamata, ba Lyme ba. Babu matakala, babu gangara, daga mota sai tsakuwa. Kuma a nan bakin ruwan ne Charmouth Heritage Coast Centre take, cibiyar da aka buɗe tun 1985. Ka shiga kafin ka taka rairayi. Za ka ga irin abubuwan da ake samu a shimfiɗe, idonka ya san abin da zai nema, ma'aikatan kuma su ne suka san inda ƙasa ta motsa a makon. Suna shirya fita ta rukuni da jagora, haka ma gidan tarihi na Lyme Regis da aka gina a inda gidan su Mary Anning yake. Ana yin rajista tun kafin ranar. Sa'a biyu a bayan wanda ya san wurin sun fi maka kwana uku kai kaɗai.

Daga cibiyar hanya biyu ce. Ka tsallaka ƙaramar gadar ƙafa da ke kan kogin Char ka yi gabas, ƙarƙashin tsaunin Stonebarrow, kana hango Golden Cap mai tsayin mita 191, wanda babu tsaunin da ya kai shi a duk gaɓar kudancin Birtaniya. Ko ka yi yamma wajen Black Ven, ɗaya daga cikin manyan wuraren zaftarewar laka a Turai. Gabas ta fi sauƙi ga mai yara. Yamma ta fi ban sha'awa, ta kuma fi neman hankali.

Ta Lyme kuwa, akwai wurin ajiye mota a Charmouth Road, daga nan matakala masu yawa suka sauko zuwa katangar tare teku da aka kammala a 2014, ka bi ta har ƙarshenta ka sauka bakin ruwa. Daidai wannan wurin yana cikin na farko da ruwa ke rufewa, kuma shi ne inda ake yawan tare mutane. Ana iya tafiya a ƙafa daga Lyme zuwa Charmouth ta bakin teku, amma sai a kan janyewa mai kyau, kuma a tashi da wuri. Idan ka yi gaba za ka fara ganin fasassun kwalabe da tsatsattsun ƙarafa cikin duwatsu, kada ka yi mamaki: a watan Mayun 2008 wata babbar zaftarewa ta yanko tsohuwar bolar garin ta zubo da ita ƙasa. Ka kula da hannunka.

Yammacin tashar jiragen ruwa ta Lyme, wadda ake kira Cobb, akwai Monmouth Beach, inda idan ruwa ya janye za ka ga wani falalen dutse cike da manyan amonait a jere, wato burbushin wata halittar teku mai nannaɗaɗɗen ƙoƙo. Wannan na kallo ne da hoto. An hana fasawa ko ɓamɓarowa.

Abin da za ka ɗauka

Takalmi ne kan gaba: mai rufe idon sawu, mai ƙasa da ke kama dutse. Duwatsun da koren gansakuka ya lulluɓe sun fi komai santsi, kuma karaya a wurin da mota ba ta shiga babban aiki ne. Rigar ruwa, rigar sanyi a ciki, ruwan sha, ɗan abin taɓawa, waya cike da caji a cikin leda. Jakar goyo, domin hannuwanka su zama a sake. Tsofaffin jaridu na naɗe manya, da ƙananan gwangwanaye ko robobi masu murfi da auduga a ciki na ƙanana.

Guduma fa? Ka bar ta a zuwan farko. Mafi yawan abin da za ka samu a kwance yake yana jiran a ɗauka, kuma wanda ya riƙe guduma sai ya ɓata yininsa yana fasa duwatsun da babu komai a cikinsu. In dole sai ka ɗauka, to ta masu nazarin duwatsu, ba ta kafinta ba, don ta kafinta ƙarfenta na iya tsagewa ya yi tsalle. Tabarau na kariya kuma wajibi ne gare ka da duk wanda ke tsaye kusa. Ba ko'ina ake yarda da ita ba ma, a Kimmeridge Bay da ke can gabas an hana.

Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka fito. A ƙarƙashin tsaunukan sabis na waya yakan ɗauke. Idan wani abu ya faru, 999 ko 112 za ka kira, ka ce Coastguard kake nema, wato masu gadin gaɓar teku.

A kan tsakuwa

Da ka sauka, ƙafarka za ta ja ka zuwa gindin tsauni, tunda daga can abin ke fitowa. Ka ƙi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma a nan wahalar ma babu riba: abin da ke jikin tsauni a lulluɓe yake da laka, ba ka ganinsa, wanda ka gani kuma in ka ja shi sai ya ruguje a hannunka. Teku ne ke yin aikin wanki da tankaɗe, ya tara maka tsabtatacce a tsakiyar bakin ruwa zuwa ƙasa. Inda ya fi aminci nan ne inda ya fi samuwa.

Ƙa'idar da ake bi ita ce ka nisanci gindin tsauni da aƙalla kwatankwacin tsayinsa. Inda filin bai kai haka ba, ka wuce da sauri, kada ka zauna cin abinci ko hutawa a inuwarsa. Dutse ba ya sallama kafin ya faɗo, kuma ba sai ana ruwa ba, bushewa bayan jiƙa ma na tsaga shi. A watan Yulin 2012 a Burton Bradstock, 'yan mil kaɗan gabas da nan, kimanin tan 400 na dutse ya rikito kan wata matashiya mai shekara 22 da ke tafiya a bakin teku da rana tsaka, ta rasu. In ka ji tsakuwa na zubowa tsar-tsar, ko ka ga sabuwar ƙasa mai duhu da ba ta bushe ba a gindin tsauni, ka matsa wajen ruwa.

Lakar da ta malalo daga Black Ven ita ma tarko ce. Samanta kan bushe ya yi ɓawo kamar za a taka, ƙasanta kuwa taɓo ne mai riƙe ƙafa har gwiwa ko fiye. Ka zagaye ta ta gefen ruwa. Wanda ya maƙale kada ya yi ta fizge-fizge, yana ƙara nutsewa ne. Ya baje nauyinsa, a kira masu ceto, kada kuma wani ya bi shi ciki. Haka nan idan ruwa ya tare ka, kada ka ce za ka haura tsaunin, kada ka ce za ka ratsa. Ka kira tun ruwan bai iso ba.

Neman kansa aikin haƙuri ne. Ka rage tafiya, ka sunkuya, in ta kama ka durƙusa. Ka nemi inda ƙananan duwatsu masu nauyi suka taru a tsakanin manyan duwatsu, musamman inda ka ga baƙin yashi da gutsattsarin wani ƙarfe-ƙarfe mai ruwan tagulla. Wannan shi ne firit, ma'adinin da ke ruɗin mutane su ɗauka zinariya ce. Ruwa na tara abubuwa masu nauyi iri ɗaya wuri guda, don haka inda firit ya taru nan ƙananan amonait suke. Ka zauna a wuri ɗaya, ka share tsakuwar sama da gefen hannu, ka bar idonka ya saba. Mintunan farko ba za ka ga komai ba. Can sai wani ɗan abu mai faɗin farce ya fito, a nannaɗe kamar ƙahon rago, da haƙarƙari a jere, yana ƙyalli saboda jiƙa. Da ka ga na farko, sauran sai su fara bayyana.

Belemnait ya fi kowa yawa a ɓangaren Stonebarrow: dogo ne mai tsini a gefe guda, siffar harsashi, ragowar wata halittar teku ce mai hannuwa da yawa, dangin wadda ake kira squid da Turanci. Akwai kirinoid, wata dabbar teku mai kama da tsiro, gaɓoɓinsa ƙananan taurari masu kusurwa biyar. Wanda kowa ke fata shi ne ƙashin bayan iktiyoso: baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, zagayayye, kauri, da loɓawa a fuska biyun. Har daskararren kashin waɗannan dabbobi ana samu, wani da ɓawon kifin da suka ci a ciki. Akwai kuma wani farin dutse mai zare-zare da ke yaudarar sabon shiga ya ɗauka ƙashi ne ko itace, alhali wani ma'adini ne kawai da ake kira kalsait. Duk abin da ka yi shakka, ka sa a jaka ka kai cibiyar, za su gaya maka.

Doka, da abin da ya biyo bayan dawowa

Tun ƙarshen shekarun 1990 yammacin Dorset ke da ƙa'idar tsintar burbushi da masu filaye, ciki har da National Trust, ƙungiyar da ke kula da filaye da wuraren tarihi, da masu sana'ar suka amince da ita. Abin da ya faɗo yake kwance a bakin ruwa, ɗauki. Haƙa jikin tsauni ba tare da izinin mai fili ba, a'a. Idan ka yi sa'ar samun wani abu mai muhimmanci ga ilimi, sai ka kai a rubuta shi a cibiyar Charmouth. Ba ƙwace maka za a yi ba, yana nan naka, sai dai in za ka sayar da irin mafi muhimmancin, gidajen tarihi na Birtaniya za ka fara yi wa tayi. Ba abin wasa ba ne, daga waɗannan tsaunukan aka samo dinoso mai suna Scelidosaurus a 1858. In abin da ka gani babba ne, a manne da dutse, kada ka taɓa shi da guduma. Ka ɗauki hoto da wani abu a gefensa don a gane girma, ka ɗauki wurin a taswirar waya, ka sanar.

A gida, ka jiƙa abin da ka samo a ruwa mai daɗi na 'yan kwanaki kana canza ruwan don gishirin teku ya fita, ban da wanda ke cikin laka mai taushi, shi ruwa narkar da shi zai yi. Ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe sarai. Na firit su ne masu rigima: in suka sha danshi sai su fara fitar da farin gari ko rawaya mai warin kibiritu, su dagargaje, su kuma ci takardar da aka naɗe su. Ka ajiye su a roba mai rufuwa tsaf, tare da 'yan ƙunshin silika masu shan danshi irin waɗanda ke zuwa a kwalin sabon takalmi, wanda ya fara lalacewa kuma ka ware shi daga sauran. Kowanne ka rubuta masa 'yar takarda: sunan wurin, gabas ko yamma da kogin Char, da kwanan watan da ka tsince shi.